Bargon Iya Tasalla da sunayen da na rikita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iya Tasalla ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a layin tamis da ful, wato burodi da wake. 'Yarta Yaya Rabi ce ta kira, ta ce, "Sa'idu, Ummi ta cika," ta kashe waya. Na karɓi burodina na kama hanya. Sai da na shiga gidan a unguwarmu Tandabawi, nan Makka, wata mata ta ce min, "Kai, ajiye abin nan mana," sannan na ga ashe har lokacin yana hannuna.

An yi mata sallah a Harami bayan azahar. Mun kai ta makwancinta, mun dawo.

Ban yi kuka ba har yanzu, ban kuma san dalili ba. Kaina ne kawai yake ta juyawa, don na yi wa matar nan wata ɓarna, kuma sai yau na san na yi ta.

Yawancinku ba ku san ta ba, to bari in faɗa muku.

Ba kakata ba ce ta jini. Maƙwabciyarmu ce, ɗakinta a ƙasa, namu a sama. Amma tun da na buɗe ido "mijina" take kirana. In na ce mata na sake ta saki uku, sai ta ce ba ta ji ba, kunnen ya lalace.

Ranar da aka kore ni daga aikin dako a Mina saboda na gaya wa mai kula da mu abin da ba ya son ji, kowa a unguwar nan ya yi min faɗa. Ita tuwo ta tuƙa min, da miyar kukar da wata alhajiya ta kawo mata daga gida, wadda take ɓoyewa kamar zinariya. Sai da na suɗe kwanon ta ce, "To Barkono, gaskiya ka faɗa masa ko rashin kunya?" Na ce duka biyu. Ta ce, "Gobe ka rage ɗaya."

Saboda ita nake rubuta muku wannan da Hausa. Mu da aka haifa a nan kun san halinmu, kalma biyu Hausa, biyar Larabci. Ta ce bakina kamar kasuwar Jidda. Haushin haka ya sa na tsinci wani yagaggen littafin boko da alhazai suka bari a wani gida a Aziziyya, na yi ta kokawa da shi ni kaɗai har haruffan suka daina guje min. Ranar da na karanta mata shafi guda ba tuntuɓe ta ce, "Yauwa. Yanzu na mayar da aurenmu."

To akwai wani bargo.

Bargon ƙyallaye ne, su Iya lihafi suke ce masa. Gida ashirin da biyar gare shi, biyar a tsaye, biyar a kwance. Kusan babu gida biyu masu kama ɗaya. Wani saƙi ne baƙin rini, wani atamfa ce da ta koɗe har ba ka gane furenta, wani farin alawayyo ne da ya koma ruwan ƙasa. Ɗinkin da ya kewaye kowanne ma daban, wannan gidan zuma, wancan ƙafar kaza, wancan tsani. Duk ta inda ka shimfiɗa shi daidai ne.

Iya ta zo Makka a shekarun sittin, ita da mijinta, ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, sannan jirgin ruwa. Lokacin an ba ƙasarmu 'yanci, matan kudu suna jefa ƙuri'a, matan arewa an ce su zauna a ɗaka. Akwai waɗanda suka ce ba su yarda ba. Ba manyan da ake ji a rediyo nake nufi ba. Masu ƙosai, masu kitso, ungozoma. An kama wasu, an daki wasu, wasu aurensu ya mutu a kan maganar. Iya tana cikinsu, iyakar abin da ta gaya min game da kanta ke nan. In na matsa mata sai ta ce, "Ni 'yar rakiya ce."

A nan Tandabawi ta haɗu da mata biyar irinta, suna ɗinkin hula da facin kayan alhazai. Wata shekara da aikin hajji wata alhajiya daga garinsu ta neme ta har gida, ta kwance bakin gyalenta, ta fito da ɗan ƙyalle. Ta ce Kande mai ƙosai ta rasu, da za a raba kayanta sadaka sai ta yanko wannan daga baƙin saƙin da Kande ta ɗaura ranar zaɓe. Ranar nan Kande ta shiga layin maza, ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta ce ba ta tashi sai an ba ta takarda ita ma. Ɗaukar ta aka yi, ita da tabarmar.

Iya ta ce ta rasa yadda za ta yi da ƙyallen. Bai isa ɗankwali ba, bai isa komai ba, kuma ba a yar da shi. Sai ta ɗinka shi a kan farin yadi. Alhajiyar ta koma gida ta ba da labari. Shekara ta zagayo, ƙyalle biyu suka zo. Daga nan duk hajji sai wata ta zo tana tambayar gidan Tasalla mai ɗinki, da ƙulli a bakin gyale da suna a bakinta. Su shidan sai su raba, kowa ta ɗinka wanda ya faɗo mata da irin ɗinkin da ta iya.

Duk Alhamis bayan la'asar sai su shimfiɗa bargon su kewaye shi. Iya ta ɗora hannu a gida, ta kira suna, ta faɗi abin da matar ta yi a numfashi ɗaya, sauran su amsa, "Allah ya jiƙanta." Sannan shayi, sannan gulma. Sun fi shekara hamsin a haka.

Ko harafi ɗaya ba su taɓa rubutawa ba. Na farko, ba su iya ba. Na biyu, tsoro. Wanda ya zauna a garin nan ba iƙama, takardar izinin zama, ya san abin da nake nufi. Iya takan ce takarda tana kama mutum, tsumma ba ya kama kowa.

Ni kuma da wannan bakin nawa. Na taɓa ce mata, "Iya, ku da kuka sha wuya a kan ƙuri'a, sau nawa kika jefa?" Ta ce ko sau ɗaya, lokacin da aka ba matan arewa tana nan tana facin wandon alhazai. Na ce to wahalar banza ke nan. Na ce ga ni nan, namiji, ba ni da ƙuri'a a can, ba ni da ita a nan, kuma ban mutu ba. Ta dube ni ta ce, "Ni na daka gero, wasu suka sha fura. To furar ba ta shawu ba ne?"

Ban gane ba a lokacin. Gaskiya ko yanzu ban gama ganewa ba.

Matan suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ita da Inna Delu, wadda idonta ya mutu, ɗanta ya ɗauke ta ya koma da ita Aziziyya. Ni ne na dami Iya a kan a rubuta sunayen nan. Na ce mata wannan sakarci ne, tarihi guda a cikin kan tsohuwa ɗaya. Shekara biyu tana ƙi. Bana bayan hajji ta aika a kira ni, ta ce, "Kawo alƙalaminka, mijina. Na fara neman suna a bakina ina rasawa."

Kada wani ya zo min a komen da "me ya sa ba ka yi bidiyo ba". Na gwada. Ta ce in na sake ɗaga jawwal ɗin nan, wato wayata, a ɗakinta, a tukunyar miya zan tsamo shi.

Alhamis uku muka yi, don numfashi ba ya kai ta ƙarshe a zama ɗaya. Yaya Rabi ta shimfiɗa bargon ta fita abinta, ita tun tana yarinya take gudun zaman nan. Ni kuma in zauna a bakin ƙofa, littafi a gwiwa, kaina a ƙasa, ina rubutu da sauri don in kamo ta.

Ɗaya, Laraba ungozoma, wadda take kai saƙon taro gida-gida don ba ƙofar da ake hana ta shiga.

Biyu, Dije, wadda ta yi wata guda a kurkuku da goyo a baya.

Uku, Azumi mai kitso, wadda mijinta ya ce ta zaɓa, ko shi ko taro, ta ce a ba ta kwana ɗaya ta yi tunani, ta tafi taron.

A zuciyata Iya ta fara daga sama ta dama, tana bin layi kamar mai karatun allo. Ban tambaya ba. Me zan tambaya, ni da na iya karatu? Alhamis ta biyu sai na ji ta fara da wani suna daban, tana gauraya waɗanda na rubuta da waɗanda ban rubuta ba. Na ce a raina tsufa ne. Duk sunan da na riga na sa sai in ce, "Ina da wannan, wuce, wuce," in jera sababbin a ƙasa.

Ni na ce wa matar nan "wuce". A ɗakinta, a kan matattunta.

Alhamis ɗin da ta wuce ce ganina da ita na ƙarshe. Na zo a gaggauce, wani yana jirana da aikin kwashe kaya. Ranar ta yi ƙoƙari ta kai ƙarshe, na sami sababbi biyu. Na rufe littafi na ce, "Halas, Iya, mun gama."

Ta ce, "Kun gama kai da wa?"

Na ce ni da alƙalami.

Ta ce, "Zauna ka kalli hannuna sau ɗaya, Barkono. Kullum tsakar kanka nake gani."

Na ce mako mai zuwa in Allah ya yarda. Ta ce, "To. Ka gaida mai jiran naka." Na fita ko shayin ban sha ba.

Yau da muka dawo daga maƙabarta Yaya Rabi ta miƙo min bargon a leda. Ta ce Ummi ta ce nawa ne, kada a haɗa shi da kayan sadaka. Na hau sama na shimfiɗa shi, na buɗe littafina, zan sa wa kowane gida sunansa.

Na ƙirga gidaje, ashirin da biyar. Na ƙirga sunaye, ashirin da uku.

Na sake ƙirgawa. Haka dai.

Na ce bari in gwada da Kande, tunda na san nata baƙin saƙi ne. A littafina ita ce ta bakwai. Gida na bakwai atamfa ce ja. Na juya bargon, na bakwai ya zama alawayyo. Na sake juyawa. Sau huɗu na juya shi, ko sau ɗaya bai faɗa kan saƙi ba. Kuma baƙin saƙi uku ne a bargon.

Na sauko na tambayi Yaya Rabi, ta ce, "Wallahi ma adri, ban sani ba, ni amin kawai nake cewa in na shigo da shayi." Na hau ta da masifa a gaban masu gaisuwa, na ce yaya mutum zai yi shekara hamsin a ɗaki ɗaya da abu bai san shi ba. Ta bar ni na gama, ta ce, "Kai da ka rubuta fa?"

Na juya na koma sama. Har wani tsoho ya bi ni da kallo, don ba a saba ganin an fi ni baki ba.

Bayan la'asar na ɗauki ledar na hau mota sai Aziziyya. Na sami Inna Delu a zaune a kan katifa, carbi a hannu, an riga an gaya mata. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ne, Sa'idu."

Ta ce, "Mijin Tasalla? Ni zan yi maka gaisuwa ko kai za ka yi min?"

Muka yi wa juna. Sannan na gaya mata komai. Ta ja tsaki.

"Ta ina ka ce ta fara?"

"Daga sama, ta dama."

"Wace sama? Bargo yana da sama? Daga kusurwar da ta fi kusa da Ɗakin Allah ake farawa, ko ta yaya aka shimfiɗa shi. Kuma ba layi ake bi ba, zagayawa ake yi kamar ɗawafi, har a shiga tsakiya. Kai ɗan Makka ne kuwa?"

Ashe ba tsufa ba ne. Duk Alhamis Yaya Rabi tana shimfiɗa shi yadda ya zo hannunta, kusurwar farawa tana canzawa. Iya tana kan hanya, ni ne a ɓace. Lambobin littafina ba su nufin komai.

Na ce, "To biyun da suka ɓace fa, Inna?"

Ta ce, "Ba su ɓace ba. Ba a kiran mai rai. Mu shida masu ɗinkin kowa ta sa gidanta, daga zanen da ta zo da shi daga gida. In hannu ya zo kan mai rai sai a shafa a wuce. Da ka ɗaga kai da ka gani."

Na ce to don Allah ta gaya min sauran, wane suna a kan wane gida. Ta ce, "Ni amshi nake yi, ɗan nan. Hannu nata ne. Sunayen duk suna kaina, amma wurarensu da ido nake bi, idon kuma ya riga ni tafiya. Miƙo dai mu gani."

Na ɗora mata bargon a cinya. Ta fara bin sa da yatsu, tana juya shi tana shafa bayansa. Ta ce ita kaɗai ce take ƙulla zare sau biyu, don haka ɗinkinta ba ya ɓace mata. In ta ji ƙullin sai ta juyo gaban ta murza ƙyallen. "Wannan Dije ce." "Wannan Asabe." Shida muka samu a haka. Da ta zo kan saƙin nan uku ta daɗe, ta ce duk ɗinkin Tasalla ne, yatsanta ba ya raba su.

Ko Kande, wadda aka fara komai a kanta, ba mu same ta ba.

Can sai yatsunta suka tsaya a wani gida na gefe. Shi ne mafi muni a bargon duka, akoko mai kauri, ko ado babu sai ɗinkin tsani. Ta ce, "Kawo hannunka." Ta kamo shi ta danna a wurin. Ta ce, "Na Tasalla ne. Kira ta. Yau aka fara."

Na ce ban san me zan ce ta yi ba, Iya ta ce min ita 'yar rakiya ce.

Inna Delu ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "'Yar rakiya! Allah ya jiƙan maƙaryaciya. Mijinta ne ya ba mu labari. An hana mata taro a garinsu, sai Tasalla ta ari jaririn maƙwabta ta ce suna ake yi a gidanta. Mata suka cika gida, ana guɗa a ƙofa, ana maganar ƙuri'a a ɗaka. Sau huɗu aka yi wa yaron nan suna. A na huɗun ne wani ɗan doka ya leƙo ya ce, wannan jaririn na kwana bakwai ai har ya yi haƙori. Abin da ya kawo su Makka ke nan."

Na yi dariya a ranar makoki. Ko ba dariya ba ce, ban sani ba, wani abu ne dai ya fito daga ƙirjina. Na ce, "Tasalla mai ɗinki, wadda ta yi wa jariri ɗaya suna sau huɗu."

Murya ɗaya ce ta amsa. "Allah ya jiƙanta."

Sannan ta ja hannuna ta kai shi kan wani gida mai shuɗin fure. Ta ce, "Wannan nawa ne. Ka gane wurin. Kada ka kira tukuna."

Na roƙi allura da jan zare a gidan, na yi wa takwas ɗin nan alama a baya kafin in tashi.

Saura goma sha bakwai. Sunayensu suna hannuna, zanensu yana hannuna, na kasa haɗa su. Ban san ko zan shimfiɗa bargon ranar Alhamis ba. Ban san ko namiji yana yi ba. Ban san ko laifi ne in ɗora hannu a kan zanen wata in kira wata. Na so in tambayi Inna Delu, sai na ga ta jingina da bango ta rufe fuska da mayafi, na bar ta.

Ga abin da nake roƙo. Na ɗauki hoton kowane gida, na sa a ƙasan wannan rubutun, da sunaye goma sha bakwai ɗin da abin da kowace ta yi. Ku da kuke gida, musamman ƙasar Kano da kewaye, ku nuna wa tsofaffinku mata. Wataƙila wata ta tuna an taɓa yanke bakin zanen uwarta aka ba wata mai tafiya hajji. Wataƙila ragowar zanen yana ƙasan wata adaka. In kun sami tabbas ku turo min saƙo. Kada ku turo min zato, zato ne ya kai ni nan.

Masu zuwa su ce min siyasar mata ba ta da amfani, ko ɗinkin tsumma bidi'a ne, ku bari sai bayan kwana bakwai. Zan amsa muku ɗaya bayan ɗaya, kun san ni. Yau ba ni da ƙarfi.

Allah ya jiƙan Iya Tasalla. Ya yalwata mata kabarinta, ya haskaka shi, ya sa ta huta da tsoron takarda. Allah ya ba Yaya Rabi haƙuri, ya yafe min abin da na faɗa mata ɗazu. Allah ya ƙara wa Inna Delu lafiya, ya jinkirta ranar da zan kira sunanta.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi wa Iya addu'a, ko ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ku haɗa da matan nan goma sha bakwai da na raba da zanensu. Ni na rikita su. Wanda za ku roƙa bai rikita ko ɗaya ba.

Amin.